Kim Dae-jin: Malamin Piyanon Da Komawarsa Gida Ta Sa Koriya Ta Fara Fitar Da Makaɗa

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko tsakanin Ƙonni da Illela, ya san kayan Koriya ta Kudu ko da kuwa bai taɓa neman ƙasar a taswira ba. Wayar Samsung, talabijin na LG, motocin Hyundai da Kia, da tayar Kumho, duk daga can sunansu ya fito. To amma akwai wata haja da wannan ƙasa ta shahara da fitarwa tun daga shekarun 2000, wadda ba a loda ta a kwantena, ba ta kuma biyan kuɗin duwan ko na kwastan. Wannan haja ita ce gwanayen makaɗan piyano, samari da 'yan mata waɗanda ke zuwa Turai da Amurka su kayar da 'ya'yan masu kiɗan a gasar da ake yi a garuruwansu.

Da yawa daga cikin waɗannan matasa hannun mutum guda suka bi, wato Furofesa Kim Dae-jin, wanda aka haifa a shekarar 1962. Labarin karatunsa da aikinsa ya nuna yadda ƙasar da ta daɗe tana sayo wata sana'a daga waje da tsada ta koma tana yin abarta a gida, da kuma irin shekarun da aka ɗauka kafin a ga riba.

Mene ne piyano?

Shi dai piyano wani babban akwati ne na katako mai madannai 88 a jere a gabansa, 52 farare, 36 baƙaƙe. A cikinsa an ɗaɗɗaure tsirkiya ta ƙarfe sama da 200, kuma duk madannin da aka taɓa sai wata 'yar guduma mai laushin kai ta tashi ta bugi tata tsirkiyar. Irin wanda ake ajiyewa a manyan zaurukan wasa tsawonsa ya kusa mita uku, nauyinsa kuma ya kusa rabin tan. Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi a birnin Florence wajen shekarar 1700.

Kiɗan da ake magana a kai a nan shi ne tsohon kiɗan Turawa, wanda mutane irin su Mozart da Beethoven suka tsara fiye da shekaru ɗari biyu da suka wuce. Rubutaccen kiɗa ne, yana da haruffansa na musamman, kuma makaɗi ba ya ƙara komai daga bakinsa. Aikinsa shi ne ya haddace abin da aka rubuta, wani lokaci kiɗa guda ya kai minti arba'in ko fiye, sannan ya zauna gaban dubban mutane ya kawo shi da ka. Tun da kowa abu ɗaya yake kaɗawa, inda ake gane gwani shi ne wajen nauyin hannu, da sauri da sassautawa, da yadda yake sa mai sauraro ya ji tsohon kiɗa kamar yau aka tsara shi. A ƙasar Hausa an fi gadon kiɗa daga uba zuwa ɗa, amma wannan a makaranta ake koyonsa, tun daga ƙuruciya har zuwa digirin dakta.

A shekarar 1900 ne wasu 'yan mishan Amurkawa suka shigo da piyano yankin Daegu ta kogin Nakdong, inda 'yan dako suka ɗauke shi zuwa cikin gari. Mutanen ƙauyen da suka ji ƙara na fitowa daga cikinsa ba tare da sun ga kowa ba sai suka raɗa masa suna akwatin aljanu. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, wanda ya bar ƙasar cikin matalautan duniya, sai ga kamfanonin gida sun fara harkar piyano, Young Chang a 1956, Samick a 1958. Da tattalin arziki ya fara ɗagawa, sayen piyano da sa yaro a makarantar koyonsa ya zama alamar cewa gida ya samu rufin asiri.

Lokacin da sai an fita waje

Akwatin dai an iya ƙera shi a gida, amma ilmin kaɗa shi har a kai matsayin duniya sai an tsallaka teku. Han Tong-il, wanda aka haifa a 1941, yana yaro yake kaɗa wa sojojin saman Amurka da ke Koriya, su ne kuma suka haɗa masa kuɗi ya tafi makarantar Juilliard da ke New York a 1954. A 1965 ya ci gasar Leventritt. Paik Kun-woo ya tafi New York yana da shekara 15, daga baya ya zauna a Faransa. Chung Myung-whun ma tun yana yaro iyayensa suka kai shi Amurka, kuma da ya zo na biyu a gasar Tchaikovsky a Mosko a 1974, an zaga da shi titunan Seoul cikin buɗaɗɗiyar mota kamar wanda ya ciwo yaƙi.

Abin lura a nan shi ne, dukkansu a waje suka ƙware, kuma a waje suka yi mafi yawan shekarun aikinsu. Iyaye na kashe kuɗi masu yawa su tura yaro ƙanƙane ƙasar da bai san harshenta ba, in ya yi nasara sai ƙasar da ta koyar da shi ta riƙe shi. Wanda iyayensa ba su da hali kuwa, komai baiwarsa, nan zai tsaya.

Kim Dae-jin ma ta wannan hanya ya bi. Yana da shekara 11 ya yi wasa tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta ƙasa, ya kuma ci manyan gasannin cikin gida tun yana saurayi. Ya shiga Jami'ar Ƙasa ta Seoul, amma bai kammala ba ya wuce Juilliard a farkon shekarun 1980. Malamarsa ta gida ita ce Furofesa Oh Jung-joo, wadda ta rasu a ranar 1 ga Satumbar 1983 cikin jirgin saman Koriya mai lamba 007, wanda ya taso daga New York zuwa Seoul, sojojin Tarayyar Sobiyet suka harbo shi kusa da tsibirin Sakhalin. Mutum 269 ke cikin jirgin, babu wanda ya tsira.

A Juilliard ya zauna gaban wani malami mai suna Martin Canin, har ya samu digirin farko da na biyu da na dakta. A wannan sana'a ana tambayar wa ya koyar da kai kamar yadda a kasuwa ake tambayar yaron wane ne kai. Shi Canin ɗalibin Rosina Lhévinne ne, ya kuma yi shekaru yana mataimakinta. Ita kuwa wannan mata ta kammala makarantar kiɗa ta Mosko da lambar zinariya a 1898, ta koyar a Juilliard har zuwa rasuwarta a 1976, kuma ita ta horar da Van Cliburn, Ba'amurken da ya je Mosko ya ci gasar Tchaikovsky ta farko a 1958. Ke nan ilmin da Kim ya ɗauko ya taso ne daga Rasha, ya yada zango a New York, kafin ya iso hannunsa.

A shekarar 1985, yana da shekara 23, ya zo na ɗaya a gasar Robert Casadesus da ake yi a birnin Cleveland na Amurka, wadda daga baya aka mayar da sunanta gasar Cleveland. Irin wannan nasara ita ce ke buɗe wa matashi ƙofar manyan zaurukan wasa, kuma da ya ga dama da ya yi zamansa a Amurka kamar waɗanda suka gabace shi.

Komawa gida

Ana cikin haka ne gwamnatin Koriya ta Kudu ta yanke shawarar kafa makarantar da za ta rage wannan kwararar yara zuwa waje. A 1993 aka buɗe sashen kiɗa na Jami'ar Fasaha ta Ƙasa a Seoul, a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu, da wani masanin kiɗa Lee Kang-sook a matsayin shugabanta na farko. Manufar ita ce a ɗauki ɗalibi bisa abin da hannunsa ya iya, a kuma ba shi malaman da su kansu sun yi wasa a manyan zaurukan duniya. Gini da piyano abu ne da kuɗi ke saya cikin shekara guda, amma irin waɗannan malamai sai an lallaso su daga inda suke.

Kim ya amsa kira a 1994, yana da shekara 32. Makarantar a lokacin shekararta guda, ba ta yaye kowa ba, ba ta da sunan da za a yi tinƙaho da shi. Kuma duk sa'ar da makaɗi ya ɓata yana gyara wa yaro zaman yatsu, sa'a ce da ya rage daga tasa tisawar. Yadda ake koyon piyano shi ne malami ɗaya da ɗalibi ɗaya a ɗaki, galibi sau ɗaya a mako, sannan ɗalibi ya koma ya shafe sa'o'i da dama kullum yana maimaita abin da aka gyara masa. Ana iya kwashe darasi guda a kan layi biyu ko uku. A haka ake yin shekara shida, takwas, ko goma da yaro ɗaya, ba tare da tabbacin zai kai ko'ina ba. A Koriya an san Kim da tsanani a wannan ɗaki.

Jami'ar ta kuma buɗe ajin share fage inda ake karɓar yara masu baiwa tun suna firamare ko sakandare, a kuma ba wanda ya yi zarra damar shiga jami'a tun kafin shekarunsa su kai. Ta wannan ƙofa ce manyan ɗaliban Kim biyu suka shigo.

Ribar da ta biyo baya

Ta farko ita ce Son Yeol-eum, wadda aka haifa a 1986 a garin Wonju, wani gari da ke gabas da Seoul, daga inda take zuwa ɗaukar darasi. A 2002 ta ci gasar Viotti a Italiya tana da shekara 16. A 2009 ta zo ta biyu a gasar Van Cliburn da ake yi a Fort Worth ta jihar Texas, sannan a 2011 ta sake zuwa ta biyu a gasar Tchaikovsky a Mosko, garin da asalin ilmin malaminta ya fito. Daga 2018 zuwa 2022 ita ce ta jagoranci babban bikin kiɗa na PyeongChang a ƙasarsu.

Na biyu shi ne Kim Sun-wook, haifaffen Seoul a 1988. Ya ci gasar Clara Haskil a Suwizalan a 2005, sai kuma a 2006 ya je birnin Leeds na Ingila ya zo na ɗaya yana da shekara 18. Shi ne mutumin nahiyar Asiya na farko da ya ci wannan gasa, kuma an yi shekara arba'in ba a ga mai ƙarancin shekarunsa ya ci ta ba. Abin da ya fi jan hankalin mutanen Koriya shi ne, har zuwa ranar bai taɓa zama ɗalibi a wata ƙasa ba. Idan mai karatu ya lissafa daga 1994 zuwa 2006, zai ga shekara 12 aka yi kafin wannan rana ta zo.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Mun Ji-yeong, wadda aka haifa a 1995 a garin Yeosu na bakin teku, cikin gidan da ba na masu hali ba, ta ci gasar Janeba a 2014, ta kuma ci gasar Busoni a garin Bolzano na Italiya a 2015. A tsohon tsari, lokacin da sai an fita waje, da wuya yarinya irinta ta kai wannan matsayi. A 2021 wani ɗalibin nasa, Park Jae-hong, ya sake cin wannan gasa ta Busoni.

Wani abin da masana ke yaba wa Kim da shi shi ne, ɗalibansa ba su fito kamar an buga su da hatimi ɗaya ba. Kim Sun-wook ya karkata ga kiɗan Jamusawa masu nauyi, ya kaɗa dukkan sonata 32 na Beethoven a Seoul tsakanin 2012 da 2013, ya kuma koyi jagorancin ƙungiyar makaɗa a Landan. Son Yeol-eum kuwa hannunta ya shiga ko'ina, daga Mozart har zuwa kiɗan Nikolai Kapustin mai kama da jaz. Maigidan kirki ba ya tilasta wa kowane yaro sayar da irin hajar da shi ya saba da ita.

Hannun attajiri

Malami shi kaɗai bai isa ba, domin yaro na bukatar zauren da zai gwada kansa gaban jama'a, da kuɗin jirgi zuwa gasa. A nan ne wani gidan 'yan kasuwa ya shigo. Kamfanin Kumho ya faro ne a 1946 a garin Gwangju, lokacin da Park In-chon ya fara haya da motocin tasi guda biyu. Daga nan harka ta bunƙasa zuwa motocin safa, da taya, da jiragen sama. Ɗansa Park Seong-yawng, wanda ya gaji shugabancin kamfanin, mutum ne mai son kiɗa, kuma a 1998 gidauniyar Kumho ta fara shirya wa yara masu baiwa wasa na musamman, tana kuma ba da aron kayan kiɗa masu tsada.

Son Yeol-eum da Kim Sun-wook duk ta wannan dandali suka fara fitowa, haka ma Cho Seong-jin, wanda ya ci gasar Chopin a Warsaw a 2015. Park Seong-yawng ya rasu a 2005, shekara guda kafin nasarar Leeds. Kamfanin nasu ya shiga matsalar bashi daga baya, har a 2018 wani kamfanin Sin mai suna Doublestar ya sayi mafi girman kaso na sashen taya. Amma yaran da aka tallafa wa suna nan suna yawo da sunan ƙasarsu.

Malami bai ajiye sana'a ba

Duk da koyarwa, Kim bai bar hannunsa ya yi sanyi ba. A shekarar 2000 ya kaɗa dukkan konceto biyar na Beethoven a rana guda. Konceto dai dogon kiɗa ne da mai piyano ke yi tare da ƙungiyar makaɗa masu yawa, kuma biyar ɗin sun kai wajen sa'a uku. Daga 2001 zuwa 2004 ya bi konceto na Mozart ɗaya bayan ɗaya har ya kammala su. Daga baya ya koma tsayawa gaban makaɗa da sanda a matsayin madugu, inda ya jagoranci ƙungiyar makaɗan birnin Suwon daga 2008 zuwa 2017. Ya kuma zauna cikin alƙalan gasanni a ƙasashe daban-daban. A 2021 aka naɗa shi shugaban jami'ar da ya shiga tana jaririya, na wa'adin shekara huɗu.

A zamanin shugabancinsa ne, a 2022, wani ɗalibin jami'ar mai suna Lim Yunchan ya ci gasar Van Cliburn yana da shekara 18, mafi ƙarancin shekaru a tarihin gasar, da kyautar dala dubu 100. Malaminsa shi ne Sohn Min-soo, wanda shi ma ya yi karatu da koyarwa a Amurka kafin ya dawo gida a 2015.

Ɗaya ɓangaren

Kowace kasuwa tana da faɗuwarta, wannan ma haka. A kowace gasa mutum guda ke zuwa na ɗaya, alhali dubban yara ne suka ba da ƙuruciyarsu ga wannan akwati, iyayensu kuma suka zuba dukiya. Mafi yawansu ba za su taɓa ci da wasa a zaure ba, sai dai su koma koyar da ƙananan yara a unguwa. Ita ma wannan kasuwa tana tsukewa, domin haihuwa ta ragu ƙwarai a Koriya ta Kudu, inda a 2023 ƙididdiga ta nuna matsakaicin haihuwar mace guda bai wuce 0.72 ba, wato ko ɗa guda bai cika ba.

Ga samari kuwa akwai ƙarin matsi. Doka ta wajabta wa kowane namiji aikin soja na wajen shekara ɗaya da rabi, wanda ga mai piyano babban giɓi ne a daidai lokacin da sunansa ke tashi. Wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a wasu zaɓaɓɓun gasannin duniya ana ba shi damar yin hidimar ƙasa ta hanyar sana'arsa bayan ɗan gajeren horo. Wannan ya sa gasa ta zama wa wasu tamkar ko a mutu ko a yi rai, kuma akwai masu sukar cewa tsarin na fitar da masu cin gasa fiye da masu zurfin fahimtar kiɗa.

Haka kuma hanyar waje ba ta rufe ba. Son Yeol-eum ta je Hannover a Jamus ta ƙara ilmi wajen Arie Vardi, Kim Sun-wook ya koma Landan a 2008, Cho Seong-jin kuwa a Faris ya yi karatu. A 2023 wata makarantar kiɗa a birnin Boston na Amurka ta ɗauki Sohn Min-soo aiki, ɗalibinsa Lim Yunchan kuma ya bi shi can. Abin da ya canja shi ne, a da yara ne ƙanana ke fita neman wanda zai koya masu daga tushe, yanzu kuwa ƙwararru ke fita, har makarantun da a da ake roƙon gurbi a cikinsu su ne ke zuwa neman malamai daga Seoul.

Tafiyar Sohn ta nuna cewa irin wannan jari ba a ɗaure yake ba, malamin da ya dawo yana iya sake tafiya idan wani wuri ya fi riƙe shi da daraja. Abubuwa uku ne suka haɗu a Koriya: hukuma ta gina makaranta, attajiri ya buɗe aljihu, gwani kuma ya yarda ya bar inda ake tafa masa ya zauna da yara a ɗaki. Ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar yaro tun yana share rumfa har ranar da ya ba shi jari ya san wanne ne ya fi wuya a cikin ukun, ya kuma san cewa shekara 12 ba ta yi yawa ba ga wanda ke son ya bar magaji a sana'a.